Farar Ƙasa Mai Rai

Litinin, bayan Magariba

Ba zan rantse ba. Bari in fara da wannan, in gan shi a rubuce da hannuna: ni Ummukulthum ba zan dafa Alƙur'ani ba, ko da duk Unguwar Rogo za ta taso ta cika mana zaure.

Rahama tana asibiti tun jiya. Matar ƙanena Gazali ce, ga tsohon ciki, na fari bayan shekarun da sunka yi suna jira. Leɓe, harshe, maƙogwaro, duk sun ƙone. Ba ta iya magana, ko ruwa sai ta robar da anka zura mata a hanci. Likita ya ce abin cikin yana motsi. Alhamdu lillahi.

Farar ƙasa ta ci. Ba irin ta kasuwa wadda masu ciki ke gwaigwaya ba, irin tamu ta kamfani wadda ta fito daga wuta. Ni na kawo ta gidan nan, ban musa ba kuma ba zan musa ba. Bokiti guda mai murfi, da izinin manaja, don a jiƙa a shafe bangon zaure da ɗakin mai jego kafin suna, a zuba saura a masai. Na sa shi a ɗakin ajiya nesa da ruwa, na danne murfin da dutse.

Mahaifiyar Rahama, Hajiya Hasana ta Unguwar Rogo, ta tare ni a barandar asibiti, gaban masu jinya. Ta ce, "Ɗiyata kwance take, ƙahwahu kumbure, likita ya hana ta tashi. Wa yak kai mata har bisa gado?"

Na ce, "Hajiya, Allah Ya ba ta lafiya."

Ta ce, "Ba shi nit tambaye ki ba."

Na san ba shi ta tambaye ni ba. Mu uku ne a gidan jiya da hantsi. Gazali ya fita rumfarsa a kasuwa. Ni ina wanki a bayan gida, Rahama tana kwance, Inna mahaifiyarmu tana ɗakinta. Lissafin ba shi da wuya, shi ya sa nake so ya tsaya a kaina.

Talata, bayan Asuba

Ƙaramar tasar nan mai bakin shuɗi da na tarar a gefen gadon Rahama, na wanke ta tun ranar, kafin maƙwabta su shigo. Na mayar da ita cikin kwanonin Inna, inda take zama tun muna yara. Bokitin kuma na ɗora shi a kan kabu-kabu na mayar kamfani.

Laraba, wurin aiki, hutun Azahar

Na zo aiki. Mi zai hana? Wasu sun gaishe ni suna kallon takalmana, wasu sun yi kamar waya anka kira su. Su suka sani.

Tifofi sun shigo da dutse tun safe kamar kullum, inji ya farfasa, bel ya haura da shi kan tanderu. Tanderun nan bai san an yi wani abu a gidanmu ba. Dare da rana yake ci. A zuba dutse ta sama, ya sauko sannu cikin wuta, ya fito ta ƙasa fari tas, sakayau, kusan rabin nauyinsa ya bi iska. Kafin wuta muna ce masa ɗanye. Bayan wuta muna cewa mai rai, don ƙishirwa take ji: duk inda ta samu laima sai ta sha, kuma wurin shan take tafasa. In ta ƙoshi da ruwa ta lafa, sai mu ce an kashe ta. Kasasshiyar ce ake shafe bango da ita.

Aikina a ɗakin gwaji shi ne in ɗebo mai rai, in zuba a ruwa, in tsoma ma'aunin zafi in ga yadda yake haurawa. In ya haura da sauri, kaya ya yi kyau. Na yau ya yi kyau ƙwarai. Ina tsaye ina kallon tururin sai na tuna bakin mutum ma laima ne. Na fita waje na yi amai, na kuskure baki, na dawo na ƙarasa gwajin.

Ɗanye, mai rai, kasasshiya, duk sunayen nan cikin katangar kamfani suke. Da ka fita get, komai farar ƙasa ne. Ta shafe farar ƙasa, ta majema farar ƙasa, wadda mata ke kasawa a faranti don masu kwaɗayin ciki ita ma farar ƙasa, kuma wallahi a ido kusan kamarsu ɗaya. Ranar da na shigo da bokitin an tambaye ni mi ne a ciki. Na ce farar ƙasa ce, kada a taɓa. To mi zan ce? Sunanta ke nan. Rabin maganar ya zauna, rabin ya tashi.

Alhamis, bayan La'asar

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ce ta fari. "Ke wagga," shi ne sunana a bakinta. Yau ta ce, "Ke wagga, yatsuna na mini zogi, ban san mi yac cije ni ba."

Babban yatsa ne da manuni da na tsakiya, na hannun dama. Tun ranar nake wanke su da ruwa mai yawa, ina shafa man kaɗanya. Ƙurajen sun fashe sun bushe, fatar ta yi fari-fari. Duk wanda ya taɓa aiki a kamfaninmu, kallo ɗaya zai yi musu ya san abin da ya cije su.

Na kwaɓa lalle. Na ƙunsa mata hannu biyu da ƙafafu, don kada a ce mi ya sa yatsu uku kaɗai. Ta yi ta dariya tana cewa, "Amarya za ki mai da ni? Wa za shi kwashi tsohuwa?" Na ce masu so suna nan, layi ma za su yi.

Tun rasuwar Baba kanta ya fara sakin abubuwa. Takan zuba gishiri sau biyu a miya, takan nemi carbinta yana wuyanta. Na jiya ba ya kwana a kanta, amma na shekara talatin yana nan daram. Ta san lokacin da take ɗauke da cikina farar ƙasa ya sa ta ci, ta san cikin Gazali ma haka, har sunan matar da take saya a wurinta ta sani. Rahama kuwa ba suruka ba ce a wurinta, ɗiya ce. Inna ce take yi wa Rahama tausar ƙafa, ita take dama mata kunu, ba ta yarda wani ya kai mata abinci.

Tana cikin ƙunshin ta ce, "Ina ɗiyata Rahama?"

Na ce, "Ta tafi awo, Inna."

Juma'a, bayan saukowa daga masallaci

Kawu Sodangi, yayan Baba, ya zo da Hajiya Hasana da maza biyu daga danginta. An shimfiɗa tabarma a zaure, an ajiye Alƙur'ani a kan matashi. An aiko in yi alwala in fito. Na fito, ban yi alwalar ba.

Kawu ya ce, "Ummu, magana guda ta. Ki dahwa ki ce ba ke kib ba ta ba, kowa shi tahi gidanai."

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba zan dafa ba."

"Don mi?"

"Ba zan dafa ba dai."

Hajiya Hasana ta tafa hannu. "Kun ji ko? Mai gaskiya na tsoron Littahi?" Ta shiga lissafo mini tarihina, kamar na manta shi. Wai aurena ya mutu ban haihu ba, wai tun da cikin ya fito ba a ga haƙorana ba, wai mace mai sa takalmin maza tana yini cikin ƙarti ba abin da ba za ta iya ba. Na bar ta ta gama, har na miƙa mata ruwa. Ba ta karɓa ba.

In na rantse, gaskiya zan rantse, don ba ni na ba ta ba. Nan ne abin yake. Da na ɗaga hannuna daga kan Littafin, kowane ido a zauren nan zai juya ya kalli labulen ɗaki guda.

Kawu ya ba ni zuwa wani zama in yi tunani. Na riga na gama tunanina.

Asabar, da rana

Zafi kamar a bakin tanderu. Ba wuta, ba ruwa a famfo, ba mai yi mini magana. Oho dai.

Lahadi, da hantsi

Na aika wa maƙwabciyarmu masa kamar yadda na saba duk Lahadi. An dawo da kwanon, ko murfin ba a ɗaga ba. Na zauna a tsakar gida ni da Inna munka cinye tas, har da suɗe miya.

Ina tuna tsohuwar gidan masu ƙuli-ƙuli, nan bayan layinmu a Ƙofar Atiku. Ita ma kanta ne ya saki. Ta riƙa fita ba mayafi, tana shiga gidajen mutane tana kiran matattu. Wata rana ta shafa kan wani jariri, ya kwana da zazzaɓi, shi ke nan. Mayya. An jefe ta a titi, an daina sayen ƙulin gidan, 'ya'yanta sunka kulle ta a ɗaki har ta mutu. Mata nawa sunka je gaisuwa? Inna ta je, ni na raka ta.

Hajiya Hasana kuwa tun bara take cewa ba ta son yadda Inna ke magana ita kaɗai. Kalmar tana bakin harshenta, dalili kawai take jira. Ni ba zan miƙa mata shi ba. Ni ina da baki, ina da aiki, ina da ƙafar fita, su kira ni abin da sunka ga dama. Tsohuwar da ba ta san yau wace rana ba ce, da mi za ta kare kanta?

Talata, bayan Magariba

Gazali ya daina cin abincina. Yana sayo shinkafa a leda ya ci a zaure. Yaron da na goya, na wanke wa kashi! Yau ya tsaya a ƙofar ɗakina, ya rame, idanunsa sun yi ja.

"Yaya, don girman Allah ki rantse, magana ta ƙare."

Na ce, "Ba zan yi ba."

"In ba ke ba ce, mi zai hana ki?"

Na ci gaba da ninke kaya.

Ya ce, "To ke ce ke nan." A hankali ya faɗa, kamar yana jira in mare shi. Da ma na mare shi, da ya fi masa sauƙi. Na ce ya matsa, yana tare mini haske.

Bayan ya tafi na yi kuka, ba zan ɓoye wa takarda ba. Na cusa zane a baki don kada Inna ta ji. Ya yi mini ciwo fiye da duk abin da Hajiya Hasana ta faɗa.

Laraba, bayan Asuba

"Ina ɗiyata Rahama?"

"Ta tafi awo, Inna."

"Awon ga ya daɗe."

Alhamis, wurin aiki

Manaja ya kira ni ofis. Wai yana ganin in ɗauki hutu har ƙura ta lafa. Na ce Yallabai, ƙurar da na sani ta wurin injin fasa dutse ce, ita ma takunkumi muke sa mata, ba hutu muke ɗauka ba. In korata za a yi a kore ni sosai, in ba haka ba ina da gwaji yana jirana. Ya shiga juya biro.

Tun da na samu kunnensa, na ce a dubi buhunanmu. FARAR ƘASA, da manyan baƙaƙe, sai wani gargaɗi da Turanci can ƙasa wanda ko mai tabarau sai ya matso. Motar gidan ruwa ta zo ta ɗauka don tace ruwan sha, su sun san abin da sunka ɗauka. Majema su zo su saya don tuge gashin fatar akuya, su ma sun sani, hannayensu sun gaya musu. Amma manomin da ya saya don gyaran gona fa? Mai shafe fa? Buhun yana kwana a gida, cikin mata da tsofaffi.

Ya ce, "To mi za mu rubuta? Ba ta da wani suna."

Na ce, "A rubuta WUTA CE. A zana baki a ja masa layi."

Ya ce zai kai maganar sama. Na san saman nan, abin da ya hau ba ya saukowa. Na ɗauki jan fenti da kaina na bi buhunan da ke bakin sito ina rubutawa, har anka tashi. Masu lodi suna ta kallona. Wani tsohon majemi da ya zo sayayya ya tambaye su ko ni ce wadda ake faɗa. Na juyo na ce, "Ni ce, Baba. Buhu nawa za a sa maka?"

Asabar, bayan La'asar

An hana ni shiga ɗakin da Rahama take. Nakan je in tsaya a baranda in tambayi nas, in dawo. Nas ɗin ce ta gaya mini abin da ya faru jiya. Hajiya Hasana ta kawo takarda da biro, ta ce Rahama ta rubuta sunan wanda ya ba ta. Rahama ta ture takardar. An ce to ta ɗaga kai in Ummu ce. Ta rufe ido, ta juya fuska ga bango.

Su sun ce tsorona take ji.

Ni ban san mi take nufi ba, kuma wannan ne ke hana ni sakewa. Ita kaɗai ce bayan ni ta sani. Ta sha azabar da ban sha ba, watakila muryarta ba za ta dawo daidai ba har abada. In ta buɗe baki ta faɗa, wa zai ga laifinta? Ni dai ba zan gani ba. Amma ina roƙon Allah, ban ma san mi nake roƙo ba.

Litinin, da safe

Saƙo daga Unguwar Rogo ta bakin Kawu: ko in rantse, ko in bar gidan. In ba haka ba Rahama ba za ta sake taka shi ba.

In bar gidan ubana? In bar Inna da wa, da mai sayo shinkafa a leda? Na ce a gaya musu ba na rantsuwa kuma ba na tashi. Kawu ya ce taurin kaina na Baba ne. Na ce na gode.

Talata, bayan Isha

Lallen ya fara kwashewa a bakin farce. Na sake ƙunsa mata.

Alhamis, bayan Magariba

Wannan kam sai na rubuta.

Gazali ya dawo da La'asar da ɗan haske a fuska. Bai gaya mini ba, Inna ya gaya wa, da ƙarfi don in ji: an cire wa Rahama robar hanci, ta haɗiyi kunu, an kusa sallamarta. Ya ɗauki buta ya tsuguna zai yi alwala. Ni ina bakin murhu.

Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji tana jan akwatinta na ƙarfe. Na bincike ɗakin nan kaf tun ranar, ƙarƙashin gado, cikin kwanoni, bayan labule, amma ban buɗe akwatin ba, don likkafaninta ne a ciki da kayan Baba. Ta fito da gwangwanin madara, ta buɗe, ga leda an ƙulle tam.

Ta miƙa masa tana murmushi. "Ungo, ka kai ma ɗiyata. Sauran hwarar ƙasar da nib ba ta rannan ta. Ta ji daɗinta, har da hawaye."

Na tashi, amma na makara. Gazali ya karɓa. Ya kwance ledar, ya juye dunƙule ɗaya a kan siminti, ya kalle shi, ya kalle ni. Sannan ya karkata butar a kai.

Ta yi shuuu, ta tsage, tururi ya tashi.

Inna ta tafa hannu. "Ikon Allah! Ruwa na tahwasa ba wuta!"

Ya kama hannun nan nata na dama, ya juya shi, ya daɗe yana kallon yatsu ukun. Lalle yana rufe launi, amma ba ya rufe tabo ga wanda ya matso. Ta ce, "Ka ga wagga ta mai da ni amarya." Ya ce, "Ya yi kyau, Inna." Muryarsa ba tasa ba ce.

Na kwashe ledar da gwangwanin, na kashe abin da ke ciki a bokitin ruwa, na zuba a masai. Na same shi a zaure ya haɗa kai da gwiwa. Da ya ji ni ya zube ƙasa ya kama ƙafata. Na ce ya tashi, ba na son shirme.

Ya ce, "Gobe zan faɗa musu, Yaya. Zan wanke ki."

Na ce, "Ka wanke ni da mi? Da Inna?"

"Za su gane kuskure ne."

"Hajiya Hasana ce za ta gane? Ka manta gidan masu ƙuli? Kuma in anka faɗa, ita Inna sai ta ji. Za ta ji, ta yi kuka kamar ranta zai fita, gobe ta manta, wani ya sake gaya mata, ta sake jinsa sabo. Kullum sabo, har ta mutu. Kai za ka iya kallon wannan?"

Na zubo masa tuwo na ajiye a gabansa. Ya ci yana kuka, ya cinye.

Juma'a, bayan La'asar

An sake zama. Tabarma ɗaya, matashi ɗaya, mutanen ma su ne. Kawu bai gama buɗe baki ba Gazali ya tashi, ya ɗauki Alƙur'anin da hannu biyu, ya sumbace shi, ya kai ciki. Ya dawo ya ce, "Ba mai rantsuwa a zauren Baba. Yayata ba inda za ta. Wanda zai zarge ta ya haɗa da ni."

Hajiya Hasana ta miƙe tana gyara mayafi. "An shanye ka, yaro! An ba ka a tuwo!" Na kusa dariya, don a tuwon ne kuwa. Ta ce daga asibiti Unguwar Rogo za a wuce da Rahama, can za ta haihu, kuma Gazali ya fara shirin rubuta takardar saki. Sunka fita ba sallama.

Kawu ya tsaya a baya. Ya kalle ni, ya kalli Gazali, ya kalli labulen ɗakin Inna, inda ake jin ta tana yi wa kaji faɗa. Sannan ya ce, "Allah Shi rufa asiri," ya sa takalmansa ya tafi.

Gazali yana iya rasa matarsa saboda wannan. Na sani, ya sani.

Lahadi, da rana

"Ina ɗiyata Rahama?"

Gazali ne ya riga ni. "Ta tafi awo, Inna."

Talata, bayan La'asar

Ina wurin aiki nas ɗin nan ta kira ni. Wai Rahama ta fara magana, kuma ta ce ba za ta hau motar sallama ba sai ta gan ni, ni kaɗai. Ko wanke hannu ban yi ba, na hau kabu-kabu da takalman aikin. Duk hanya ina shirya abin da zan ce in ta tuhume ni a kan kawo bokitin, ina shirya yadda zan roƙe ta in ta ce za ta faɗa. Ni da ban roƙi kowa ba tun da anka fara.

Hajiya Hasana tana bakin ƙofa, ta kawar da kai. Na shiga na rufo.

Ta rame, sai cikin. Leɓenta ya yi tabo, ya ɗan janye gefe guda. Ta yafito ni, na sunkuya har kunnena ya kusa taɓa bakinta, don muryar ba ta fi shafar tsintsiya a ƙasa ba. Kowace kalma sai ta huta.

Ta ce, "Yaya. Yatsun Inna. Sun warke?"

Na zauna a bakin gadon.

Ta ce, "Da hannunta ta sa mini a baki. Tana yi mini addu'a."

Na ce, "Na sa mata lalle."

Ta so yin dariya, tari ya sarƙe ta, na riƙe ta har ya lafa. Ta kama hannuna, wannan mai kaushi da ake nunawa a unguwa, ta ɗora a kan cikin. Abin ciki ya harba.

Ta ce, "Zan je gidanmu in haihu. Zan dawo. Ki gaya wa Gazali." Ta huta. "Kafin nan, ki ƙara mata. Kada ya goge."

Da na fito Hajiya Hasana ta tare ni. "Mi tac ce miki?"

Na ce, "Gaisuwa ta ba ni in kai wa Inna."

Laraba, bayan Asuba

Na kwaɓa lalle. Inna ta miƙo hannu tun ban ce komai ba.

Ban rantse ba.